Na Sallama, Shi Kuma Ya Ƙi Biya

Kawuna yana gyaran agogo a wani ɗan shago kusa da Bab Sharif, cikin tsohon garin Jidda, tun ban san hannun damana ba. A gabansa na koyi buɗe bayan agogo ba tare da na karce shi ba, a gabansa na koyi gane inji na asali da wanda aka yi wa dashe. Shi gyara ya sani. Sayarwa ta waya ni na kawo ta shagon, don haka duk abin da ya biyo bayanta a wuyana ya sauka.

Rusau ne ya tura ni ciki. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 aka rushe tsofaffin unguwanni da yawa a Jidda, su Gulail da Karantina da Sabil da Kandara, inda mutanenmu suka daɗe a zaune. Waɗanda suka saba biyowa ta ƙofar shagon bayan La'asar suka watse, wani ya koma bayan gari, wani Makka, wani ma gida Najeriya ko Nijar gaba ɗaya. Aljihun teburin Kawu ya cika da agogunan da muka saya muka gyara, babu mai tayawa. Na ce masa in mutane ba sa zuwa, mu bi su inda suke, ai kowa da wayarsa a hannu. Ya ce in je in yi, amma kada in jawo masa magana.

Wata Juma'a da yamma a kasuwar Sawarik da ke kudancin gari, na tsinci wani agogon Seiko mai fuska ruwan ɗorawa a kwandon tarkacen wani dattijo, tsakanin tsofaffin cajojin waya da makullai. Gilashin ya tsage, allura ba ta motsi. Da na juya bayansa na ga lamba 6139, na san abin da ke hannuna. Irinsa ne ɗan sama jannatin nan na Amurka, William Pogue, ya ɗaura zuwa tashar Skylab a 1973, shi ya sa masu tara agogo a Amurka da Turai suke rububinsa. Muka daidaita a riyal 350. Kwana tara Kawu ya yi a kansa, madubin gyara manne a idonsa na dama, shayinsa na hucewa a gefe. Ranar da ya danna maɓallin sama allurar ta zabura ta fara zagaye, sai ya kanga agogon a kunnena bai ce komai ba.

Irin wannan kaya ba a nan kasuwarsa take ba, sai na saka shi gwanjo na kwana bakwai a eBay, kasuwar nan ta intanet, na buɗe da dala 99. Na saita lokacin rufewa ya dace da daren mutanen gabashin Amurka, wato wajen ƙarfe huɗu na asubahinmu. Ban runtsa ba a daren. Ina zaune a falo, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na hurawa, ina kallon lambar tana tsaye a dala 410 har saura minti biyu. Daga nan ta fara tsalle. A can mai taya yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne a ɓoye, na'ura ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, shi ya sa daƙiƙun ƙarshe suke zama kamar kokawa. Aka rufe a dala 640. Da yake dala ɗaya riyal 3.75 ce ba ta motsi, lissafin bai ba ni wuya ba: riyal 2,400. Ana kiran sallah na fita masallaci ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Na dawo na naɗe agogon, na sa a kwali, na liƙe. Kuɗi dai ba su shigo ba.

Rana ta farko ban damu ba, na ce barci yake. Rana ta biyu na tura masa saƙo ta cikin shafin, na gode masa, na ce kaya a shirye suke, da ya biya zan kai wa masu aikawa. Shiru. Rana ta uku na sake tura takardar kuɗin. Sai ga amsa layi ɗaya, wai in ba shi kwana kaɗan. Daga wannan layin ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

A nan na zauna na karanta ƙa'idar kasuwar da kyau, abin da ya kamata in yi tun kafin in saka kaya. Wanda ya ci gwanjo yana da kwana huɗu ya biya. A cikin kwanakin nan hannunka a ɗaure yake, kayan na jiransa, ba ka da ikon sayar wa wani. In huɗun suka cika sai ka soke cinikin, kuma wajen zaɓen dalili dole ka zaɓi cewa mai saye bai biya ba. Wannan wurin yana da muhimmanci. Wani abokina da ya riga ni shiga harkar ya gargaɗe ni, ya ce in na kuskura na zaɓi cewa kayan ne babu, laifin a kaina za a rubuta. In ka zaɓi dalilin gaskiya, la'adar kamfani ba ta hau kanka ba, shi kuma ana rubuta masa rashin biya a asusunsa. Na so in rubuta a ƙarƙashin sunansa abin da ya yi mini don wasu su gani, sai na tarar tun 2008 an hana mai sayarwa ba mai saye mummunar shaida. Abin ya tsaya mini a rai a lokacin, ko da yake na fahimci dalili, don da can wasu masu sayarwa da shi suke ramuwar gayya a kan duk wanda ya yi ƙorafin kayansu.

Safiyar kwana na biyar na soke. Akwai hanyar da suka tanada ta komawa wa wanda ya zo na biyu, ka miƙa masa kayan a kan tayinsa na ƙarshe. Nasa dala 630 ne. Na tura, na ba shi kwana uku. Ya amsa cikin mutunci cewa da ya ga ya rasa, washegari ya sayi wani. Na sa sunan na farkon cikin waɗanda na toshe, na kuma kunna wani saiti da ke hana duk wanda aka rubuta wa rashin biya sau biyu a cikin shekara ya taya kayana. Sannan na sake saka agogon.

Zagaye na biyu bai yi zafin na farko ba. Mutum biyu suka tambaye ni me ya sa kayan ya dawo, ko akwai aibin da na ɓoye. Kaya in ya je ya dawo, ko da lafiyarsa ƙalau, kallon bazawara ake masa. Aka rufe a dala 520, wannan karon aka biya cikin awa ɗaya. Riyal 450 suka tafi tsakanin tayin farko da na biyu, ga kusan mako uku da aka ɓata. Ya yi mini ciwo, amma ban san fuskar mutumin ba, shi ma bai san tawa ba, kuma kowane mataki a rubuce yake, ka bi ka wuce.

Na ɗan gwada shafin Haraj ma, inda 'yan Saudiyya suka fi yin cinikinsu. Can za ka ga mai kaya ya rubuta "lis-samil", ma'ana da mai saye na gaske yake magana, saboda masu jefa "som", wato tayi, su ɓace sun yi yawa. Amma a can ba a buga ƙararrawa, tayi ne kawai, in ka ga dama ka sallama, in ba ka gani ba ka ce albarka. La'adarsu ma kashi 1 cikin 100 ce da mai sayarwa yake ɗaukar alkawarin biya, tsakaninsa da Allah. Wanda ya taya ya gudu a can bai cika ɓata maka komai ba sai lokaci.

Wanda ya hana ni barci a gida ya same ni.

Muna da zaure a WhatsApp, mutum ɗari biyu da wani abu, Hausawan Jidda da Makka da Madina da Riyad, da 'yan kaɗan a Kano da Damagaram masu aiko 'yan'uwansu su karɓa musu. Kowace Alhamis bayan Isha nake buɗe gwanjo. In saka hotuna, in ɗauki ɗan bidiyo na kanga agogon a bakin waya don a ji bugunsa, in faɗi inda aka fara. Mutane su yi ta jefa lamba. In tayi ya tsaya minti biyu sai in rubuta ɗaya, in rubuta biyu, in rubuta "na sallama". Wata bakwai muna haka babu takarda babu sharaɗi, don duk wanda ke ciki ko dai na san shi ko na san wanda ya kawo shi.

A daren da nake magana, Rado Diastar ruwan zinare na saka. Mutanenmu suna da tsohuwar soyayya da wannan agogo mai jikin da ba ya karcewa. Duba hotunan alhazan da, za ka ga haƙorin Makka a baki, Rado a hannu. Na buɗe da riyal 700. Mutum biyar suka shiga, uku suka zube a hanya, na ƙarshensu ya tsaya a 1,200. Saura biyu: wani Alhaji dattijo mai sayar da dabino a Madina, wanda ya sha sayen kaya a hannuna bai taɓa kwana da kuɗina ba, da wani matashi a Makka. Alhaji ya ce 1,250, yaro ya ce 1,300. Haka suka yi ta ja, hamsin-hamsin, zaure ya yi tsit ana kallo. Alhaji ya kai 1,850. Yaro ya ce 1,900. Alhaji ya rubuta, "Allah ya sa albarka." Na ƙirga, na sallama.

Yaron nan ɗan aminiyar mahaifiyata ne. Uwarsa Inna nake ce mata, ta goya ni ina ƙarami. Shi kuma Yaya yake ce mini.

"Yaya, abshir, gobe bayan Juma'a za ka gansu."

Juma'a ta wuce. Ran Lahadi na taɓa shi, ya ce in yi haƙuri zuwa 27 ga wata, in albashin wansa ya shigo zai karɓa ya turo. Ranar ce ma'aikatan gwamnati suke ɗaukar ratib, wato albashi, a ƙasar nan, duk mai ciniki ya san da ita, don haka ban ga abin zargi ba. Kwana goma sha biyu na jira. Ranar 27 ta zo ta wuce. Na tura saƙo, layukan nan biyu suka koma shuɗi, ba amsa. Na kira, ta yi ta ringin har ta katse. A eBay kwana huɗu na jira na danna abu ɗaya magana ta ƙare. A nan kwana goma sha shida, kuma kowane dare sai na rubuta saƙo mai zafi in goge, don na san duk abin da na faɗa masa zai isa kunnen Inna, daga can ya iso na Umma.

Sai na yi abin da na koya a can: na koma wa na biyu. Na rubuta wa Alhaji cewa wanda ya ci bai biya ba, in har yanzu yana so, ga agogo a kan 1,850 da ya taya.

Da murya ya amso. Sau uku na saurara ina tsaye a bayan shago.

"Ɗana, ni na girmi wannan. An gaya mini yaron nan ɗan gidanku ne. Ya ja ni tun daga 1,250 har 1,850, yau ya janye jiki, kai kuma ka zo ka ce in biya 1,850. Ka tambayi malamai sunan wannan abu. Najashi ake ce masa. Ban ce ka yi ba, amma haka ya yi kama."

Najashi shi ne mutum ya riƙa ƙara tayi ba don yana son saye ba, sai don ya ɗaga wa wani farashi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, hadisin na cikin Buhari da Muslim. A kasuwannin gida ma an san masu yi, dillali ya ajiye yaronsa a cikin taro yana ɗaga hannu. Ban taɓa yi ba, ko a mafarki. Amma da na zauna na sa kaina a wurin Alhaji sai na ga ba shi da laifi. Ba don yaron ba, da a 1,250 ya ɗauki agogon. Riyal 600 na sama duk tayin wanda ba shi da kuɗin ne ya gina su, ni kuma na je ina neman in karɓe su daga hannun dattijo. Daga baya na ga har dokar mu'amalar jama'a da aka fitar a nan a 2023 ta faɗi haka: a gwanjo, tayi yana faɗuwa da zarar wani ya ɗora a kansa, ko da na saman ya zama ɓatacce. Ashe tun daren Alhamis ɗin babu abin da ya rage tsakanina da Alhaji. Kuma idan shi ya yi wannan zato ya faɗa mini, mutum nawa ne a cikin ɗari biyun suka yi suka yi shiru?

Na kunna wa Kawu muryar. Ya cire madubin daga idonsa, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Kai, bar zancen kuɗin nan. Shekara arba'in ina wurin nan ba a taɓa cewa na cuci wani ba. Ka tashi ka je Makka."

Kafin in tafi na duba hanyar hukuma, don in san inda nake tsaye. Ana shigar da ƙara ta Najiz, shafin ma'aikatar shari'a, daga waya, akwai kuma Taradi inda ake zaunar da mutane sulhu kafin a kai ga alƙali, kuma tun 2022 ƙara tana da kuɗinta da kan iya kai kashi 5 cikin 100 na abin da ake nema. Saƙonnin zaure suna hannuna, ga tayinsa ga sallamawata. Da na ambata wa Umma sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Ɗan aminiyata za ka kai gaban alƙali a kan agogo?" Ban ƙara tayar da zancen ba. Ko da na ci shari'ar ma, alƙali kuɗi zai karɓar mini, ba zai shiga zaure ya wanke ni ba.

Ran Asabar na hau jirgin ƙasan Haramaini daga tashar Sulaimaniyya, ban kai awa ba na sauka a Rusaifa, na ɗauki mota zuwa wajen Sharar Mansur. Wansa na fara kira, don shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Na shiga na durƙusa na gaida Inna, ta tambayi Umma, ta tambayi ƙafar Kawu, ta sa aka kawo mini tuwo da miyar kuka duk da na ce na ƙoshi. Sai da na ci aka kira shi. Ya shigo kansa a ƙasa, ya zauna can bakin ƙofa.

Wan ya ce, "Faɗa wa Yayanka abin da ka faɗa mini."

Ashe a daren yana zaune ne da abokansa, wayar na yawo hannu zuwa hannu. Da farko ya shiga da niyyar in ya samu a 1,000 zai sayar wa wani mai komawa Kano ya ci riba. Da farashi ya wuce nan ya kamata ya tsaya, amma abokai na ta zuga shi, kada tsoho ya kayar da shi a gaban mutane. Riyal 300 ne a asusunsa lokacin da ya rubuta 1,900. Zancen albashin wansa kuwa, wan bai ma san da shi ba.

Inna tana jin haka ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da ɗan ƙyalle a ƙulle, ta kwance a gabana, 'yan kunne ne na zinare, irin na da masu nauyi. Ta ce, "Ɗauki ka kai Bab Makka a auna, ka cire haƙƙinka. Ban haifi ɗan da zai ci amanar ɗan Hajiya ba." Hannunta na rawa. Wallahi ban san sanda idona ya kawo ruwa ba. Na mayar da ƙullin na ɗaure, na sa mata a hannu, na ce, "Inna, ba kuɗi na zo karɓa ba. Cinikin na warware shi, na yafe masa." Akwai hadisi a kan wanda ya karɓi uzurin ɗan'uwansa ya warware masa ciniki, cewa Allah zai yafe masa tuntuɓensa, kuma da shi na riƙe zuciyata tun a jirgi. Na ce abu ɗaya nake so: ya shiga zaure da muryarsa ya faɗi abin da ya faru, ya faɗi cewa ban san komai ba.

Wannan ya fi masa biyan kuɗin wuya. Ya ce a bari ya rubuta mini ni kaɗai in tura. Na ce a'a, a gaban mutane aka yi tayin. Ya ce abokansa suna ciki. Wan ya ce ai don su ka yi, sai su ji ƙarshensa. Mun fi rabin awa a haka. Sau huɗu yana ɗauka yana gogewa. Na biyar ya tafi, bai kai minti ɗaya ba: ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya ce ya taya abin da ba shi da kuɗinsa, Yaya bai sa shi ba bai kuma sani ba, yana neman afuwar Alhaji da ta jama'a. Na ji tausayinsa ƙwarai a lokacin, har yanzu ma ina ji, amma ban ga wata hanyar ba.

Washegari da hantsi Alhaji ya kira. Ya ce in yafe masa zato. Na ce ni ne da neman yafiya, da na kawo masa farashin da ba nasa ba, kuma in yana so agogon nasa ne a 1,250. Ya ce ba zai karɓa a haka ba, ya san darajar kayan. Muka yi ta ja, wannan karon ni ina ragewa shi yana ƙarawa, har ya turo 1,500 ya kashe wayar.

Daren nan na zauna rubuta sharuɗɗan zaure. Wanda ya ci yana da kwana biyu. Ba na aika kaya da hoton rasit, sai na ga kuɗi a asusuna da idona, tunda yanzu tura kuɗi tsakanin bankuna nan take ne, kuma an taɓa turo wa wani maƙwabcinmu hoton da aka gyara. In na farko ya fasa, na biyu ba a ɗaure yake ba, kuma in zai saya, daga inda na uku ya tsaya za a lissafa. Wanda ya fasa zai bar zaure wata uku, ko ɗan wane ne. Duk waɗannan Kawu ya gyaɗa kai. Da na zo kan na ƙarshe ne muka rabu: duk kayan da ya haura riyal 1,000, mai son tayawa ya fara ajiye kafin alƙalami riyal 150. Wanda bai ci ba a mayar masa a daren. Wanda ya ci ya fasa, kuɗin sun zama na shago.

"Arabun ke nan," in ji Kawu. "Ba da ni ba. Da me ka ci kuɗin mutum, kayanka na hannunka?"

Kawu a Muwaɗɗa ya tashi, kamar yawancin iyayenmu, kuma a can an kawo hani a kan cinikin arabun. Malikawa sun tsaya a kan cewa in ciniki bai faɗa ba, kuɗin mai su ne. Ni kuma na ce masa a ƙasar nan kowa na yi, daga mai mota har mai gida, dokar 2023 ma ta ce wanda ya ba da arabun ya fasa ba ya karɓar abinsa sai in an yi sharaɗin haka. Kwana biyu ba mu daidaita ba, sai muka tsaya wa malamin masallacinmu bayan Asuba. Malam bai ba kowa gaskiya duka ba. Ya ce abin da Kawu ya riƙe shi ne mazhabar Malik da mafi yawan malamai. Ya ce Imamu Ahmad ya halatta, hujjarsa kuwa a Makkan nan ta faru, lokacin da wakilin Sayyidina Umar ya sayi gidan Safwan ɗan Umayya don a mai da shi kurkuku, da sharaɗin in Umar bai yarda ba Safwan ya riƙe wani abu. Ya ce majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, wadda mazauninta ke nan Jidda, a zamanta na Brunei a 1993 ta halatta arabun in an yanke wa'adi, ta kuma halatta a karɓi ajiya daga masu shiga gwanjo, a mayar wa duk wanda bai ci ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Shagon na kawunka ne. Kada ka sa masa a tukunya abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba."

Abin da muka tsaya a kai shi ne a karɓi ajiyar, in mutum ya fasa a riƙe ta har a sake sayar da kayan. In an sayar daidai ko sama, a mayar masa duka. In an sayar ƙasa, a cire giɓin kawai daga ciki, ragowar ta koma. Kawu bai ce ya yarda ba, cewa ya yi, "To, ka ji da shi." Mutum tara suka fita daga zaure ranar da na liƙa sharuɗɗan, wani ya rubuto mini cewa na mai da 'yan'uwa baƙi. Na ji zafin maganar. Amma tun daga nan tayin daren Alhamis ya canza, ba a ƙara yin irin tseren nan na hamsin-hamsin ba, don wanda ya riga ya cire 150 daga asusunsa yakan duba abin da ya rage kafin ya rubuta lamba.

Wata biyu ana lafiya, sai wani bawan Allah a Riyad ya ci wani agogon West End a 1,100, kwana biyu suka cika bai biya ba. Bai ɓuya ba, ya kira ya ce an kwantar da 'yarsa, kuɗin sun tafi can. Na yi masa jaje, na ce sharaɗi dai yana nan, ya ce ya sani. Alhamis ta zagayo na sake saka agogon, aka rufe a 1,040. Na cire 60, na tura masa 90, na saka hoton turawar a zaure don kowa ya gani. Da safe na zaro riyal 60 daga aljihuna na sa a akwatin kuɗin shago, na faɗa wa Kawu ko na mene ne.

Da na dawo daga sallar Azahar na tarar ya fitar da su ya sa a ambulan, ya tura ƙarƙashin tiren da yake zuba ƙananan sukurori. Wata na huɗu ke nan suna wurin. Bai taɓa su ba, ni ma ban ɗauka ba, kuma mutumin Riyad ya dawo zaure makon jiya.